Takalmi Lamba Arba'in da Biyu

Ba kwalliya ta yi ba ranar, ba kuma neman kowa ta fito ba. Butar lantarki ce ta kai ta shagonsa, ta riƙo ta cikin leda nesa da jikinta kamar mai ɗauke da abin da zai cije ta.

Shagon ɗan mitsitsi ne, a matse tsakanin mai ɗinki da mai sayar da gilashin waya. Fankoki marasa fukafuki a rataye, duwatsun guga jibge cikin kwali, ga ƙaurin dalma ya cika ko'ina. Mai shagon yana sunkuye kan wani injin markaɗe, sai da ta maimaita sallama sannan ya ɗago.

"Jan mutane take yi," ta ce, ta dire ledar a teburinsa. "Ina taɓa mariƙin ta fizge ni har kafaɗa."

"Sabuwa ce fa."

"Shi ya sa na kawo. So nake ka buɗe ka faɗa min abin da ke ciki."

Ya kwance ƙasan butar, ya juya ta wajen haske, sai ya ja tsaki. Da bakin sukudireba ya nuna mata waya tsirara tana gogar jikin ƙarfen.

"Wannan ba gyara take so ba, bola take so. Ki mayar musu su ba ki kuɗinki."

"Ai ba saya na yi ba. Aiko min suka yi in tallata."

Nan ta yi masa bayanin sana'arta. Shafi take da shi a waya, fuskarta ba ta fita, hannuwanta kawai da muryarta. Takan gwada kayan gida, tukunya, labule, dutsen guga, ta faɗi abin da ta gani, sannan ta ajiye link ɗin wani babban shagon intanet a ƙasan bidiyon. Duk wanda ya bi ta link ɗin ya yi sayayya, shagon ya ba ta ɗan kamasho. Da shi take ɗaukar nauyin kanta, da shi take tallafa wa Mamarta. Masu butar kuwa kamasho mai tsoka suka yi mata alkawari.

"To yanzu yaya za ki yi?" ya tambaya.

"Me zan yi kuwa? In sa matar mutane ta riƙe wannan da jiƙaƙƙen hannu? Allah Ya kiyaye."

Ya dube ta, duban da ya ɗan wuce na mai shago da mai kawo gyara. Ta ciro kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce lambarta yake so, wai ko wata rana zai buƙaci shawarar tukunya. Namiji mai gyaran fanka da shawarar tukunya! Ita ma ta san zance ne, amma ta ba shi.

Sunan Mai Buta ya sa wa lambar. Ita kuma ta sa masa Injiniya, duk da ya rantse bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba.

Tun daga nan saƙo ya fara kai da kawo.

"Mai Buta, yau na gyara fankoki har na gaji, amma zafin da nake ji bai ragu ba. Ina zargin ba na gari ba ne."

"Injiniya, ka sha ruwa ka kwanta. Zazzaɓi ne."

"In zazzaɓi ne, ke kika sa min. Ki zo ki duba ni."

Takan karanta ta kife wayar a cinya tana murmushi ita kaɗai, har Yayarta ta ce in ba a yi da gaske ba wata rana sai an kai ta a duba kanta. Duk kayan wutar da aka aiko mata, shagonsa take fara kaiwa ya buɗe. Yana kwance ƙusa tana riƙe masa fitila, hira kuwa ba ta ƙarewa. Mama ta gan shi ta ce yaron yana da nutsuwa. Saura Ummansa.

Ranar da ya kai ta gaisuwa, a bakin ƙofa ta ja ta tsaya. Wasu takalman mata ne a ajiye, zanƙala-zanƙala, nata ƙanana suka koma kamar na yara a gefensu. A ciki ta tarar da mai su: 'yar aminiyar Umma, doguwa, mai aikin asibiti, tana zuba shayi kamar 'yar gida. Umma na kan doguwar kujera, ƙafafunta a miƙe an lulluɓe su da mayafi.

An gaisa, Umma ta ƙare mata kallo ta saman tabarau.

"An ce aikinki ki yabi kaya a biya ki."

"Sai na gwada tukuna, Umma."

"Uhm. Amma biyan ki ake yi."

"Eh, Umma."

"To wanda ake biya ya yabi abu, yaya za a yi a gane ranar da yake faɗin gaskiya? Ni bakin mutum nake dubawa kafin fuskarsa. Yaron nan ba shi da wayo, duk abin da aka faɗa masa yarda yake yi."

Doguwar ta sunkuyar da kai tana juya cokali. Mai Buta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da za su tafi, abu ɗaya Umma ta ce wa ɗanta: "Zan yi tunani."

Wannan tunani na Umma shi ya hana yarinya sakat. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo. Injiniya ya faɗa mata tun farko, ba zai tura manya gidansu ba sai Umma ta ce to, domin ita ta raine shi ita kaɗai. Kullum amsarsa ɗaya: "Ki ƙara haƙuri, Mai Butata. Ina lallaɓa ta."

A cikin wannan jira ne mitarsa ta gwajin wuta ta lalace. Ya ce mata, "Turo min link ɗinki in sayi sabuwa, kamashon ya shigo gida."

To a nan ta yi abin da ita kanta ta ɗauka wasa ne. Shagon yakan bar ta ta ƙirƙiri link daban-daban, ta sa wa kowanne suna, don ta san wane bidiyo ne ya fi kawo ciniki. Ba a nuna mata sunan mai saye, amma ana nuna mata duk abin da aka saya ta kowane link, ko da ba shi ta tallata ba. Sai ta ƙirƙiri sabo fil, ta sa masa suna Injiniyana, ta tura masa shi kaɗai. Shi bai ga sunan ba, ita kuma ba ta faɗa masa ba. So take kawai ta buɗe shafinta ta ga sunan ta ji daɗi.

Mita ta fito a ƙarƙashin sunan, ta yi murmushi. Bayan 'yan kwanaki tukunya ta fito, wadda ta taɓa yabawa. Ta ce a ranta ashe da gaske yake shawarar tukunya.

Sai kuma wata safiya, tana zaune bakin gado tana shan shayi, ta ga takalmin mata. Ja, mai ɗan tudu, lamba arba'in da biyu.

Ta dubi ƙafarta. Ko da safa biyu ba za ta cika shi ba. Nan take takalman bakin ƙofar nan suka faɗo mata, shayin ya koma kamar ruwan magani a bakinta.

"Wataƙila kuskure ne," ta faɗa wa kanta. Washegari jaka ta fito, ita ma ja. Sai mayafi mai duwatsu. Sai turare mai tsada. Sai zanen gado. Kowanne da ɗan kamashonsa a gefe, wato ita ake biya ladan kayan da ake saya wa wata. Innalillahi! Ko a mafarki ba ta taɓa zaton sana'arta za ta yi mata irin wannan cin fuska ba.

Ta so ta tambaye shi, amma ta ce masa me? Ta ce ta ɗana masa link tana leƙen sayayyarsa? Ai shi ke nan ta tabbatar da maganar Umma, cewa bakinta daban cikinta daban. Ta haɗiye abin, shi kuma ya zauna mata a ƙirji ya hana ta ci ya hana ta aiki. Ta ɗauki bidiyon labule, muryarta na rawa, ta goge. Ta sake, ta goge. Hannunta kuwa ba ya rabuwa da wayar, tana tsoron ta duba, tana kuma tsoron kar ta duba.

"Mai Butata, lafiya? Yau ko sallama babu."

"Lafiya lau. Aiki ne."

"Na yi kewar mai riƙe min fitila."

"Ka sayi mai tsayawa da kanta."

Ya kira ta ƙi ɗauka. Ya zo ƙofar gida ta aika Yaya ta ce kanta na ciwo, ta laɓe bayan labule tana kallon yadda ya tsaya yana juya makullin babur ɗinsa kafin ya tafi. Da ya ɓace ta zauna ta yi kuka mai isar ta, domin son sa take yi kamar ranta, kuma ta riga ta gama yanke wa kanta hukunci: Umma ta zaɓi doguwar, shi kuma ya rasa bakin faɗa mata.

Yaya ta shigo ta same ta. "Ke dai kin cika ƙulla abu a ciki. Ki tambaye shi mana! Bakinki ciwo yake yi?"

"Yaya, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kin rame kamar tsinken tsintsiya a kan abin da ba ki ji daga bakinsa ba."

Saƙonsa na gaba ya fi kowanne yi mata ciwo.

"In jiran Umma ne ya gajiyar da ke, ban ga laifinki ba. Amma ki faɗa min da bakinki, kar ki bar ni ina lalube."

Ta karanta ta kife wayar.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne, tana tsaye a kicin tana jiran ruwa ya tafasa. Ta duba wayar, ga sabon abu ƙarƙashin Injiniyana: butar lantarki, shuɗiya, mai sabon suna. A gefe an rubuta an kai wa mai ita.

Ta san butar nan. Masu waccan ta farko ne suka canza mata fenti da suna, har sun sake aiko mata da ɗaya ta tallata, ta kwance ƙasanta da kanta ta ga wayar nan tsirara tana nan inda take. Shi bai san da wannan ba, lokacin ta riga ta daina zuwa shagon. A hoto kuwa ba mai gane ta.

Ba za a ɓoye ba, wata zuciyar ta ce mata ina ruwanki. Shi da ya iya sayen takalmi ai ya iya buɗe buta. Amma in kai tsaye aka kai wa yarinyar fa? Ta tuna yadda abin ya fizge ta har kafaɗa, ta tuna doguwar tana zuba shayi da dogayen yatsunta. Yarinyar ba ta yi mata komai ba. In kuma ta yi magana, asirin link ya tonu, ɗan mutuncin da ya rage mata a wajensa ya tafi.

Ta kira shi, ba a ɗauka ba. Ta sake, shiru. Sai ta rubuta:

"Injiniya, ka yafe min. Link ɗin da na ba ka naka ne kai kaɗai, ina ganin duk abin da aka saya da shi. Na ga takalmi lamba arba'in da biyu, na ga jaka da mayafi, na kuma gane. Ban riƙe ka ba. Amma shuɗiyar butar da ka saya mata, ita ce wadda na kawo shagonka, suna kawai aka canza. Don Allah ka kira ta yanzu ka ce kar ta jona. Ko ba ni ce a gidanka ba, ba na so a ji mata ciwo."

Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Ta zari mayafi ta fita ko murhu ba ta kashe ba, sai Yaya ce ta bi bayanta da faɗa.

A shago ta same shi, injin markaɗe na ta ƙara, wayarsa na can cikin aljihun rigar da ya rataye. Ya kashe injin yana kallon ta kamar wanda ya ga baƙo daga sama.

"Ka kira ta! Butar da ka saya, waccan ce!"

"Wace buta? In kira wa?"

Ta tura masa wayarta a fuska. Ya bi jerin kayan da ido, goshinsa a tattare.

"Wallahi ni mita kawai na saya. Wannan kuma..." Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Umma! Na taɓa tura mata link ɗin don ta ga yadda aikinki yake."

Ya kira Umma, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ko rufe shagon bai yi ba, ya ce wa mai ɗinki ya sa ido. Ita ta tsare mota, shi ya bi da babur a gaba. Duk tsayawar da direban ya yi sai ta ji kamar ta fita ta ruga da ƙafa. Addu'a take yi, ba ta ma san wadda take karantawa ba.

Kafin ya gama kafe babur ta riga shi shiga. Babu sallama, babu cire takalmi. Daga falo ta hango Umma a kicin, ta ɗauraye shuɗiyar buta ta cika ta da ruwa ta jona, ga hannunta sharkaf tana miƙa shi wajen mariƙin.

"Umma, kar ki taɓa!"

Ta bangaje kujera, ta fizge wayar butar daga soket, ta janye hannun tsohuwar da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. A lokacin ta lura da takalmanta a kan tabarmar mutane, da hannun uwar saurayinta a cikin nata. Ta saki da sauri ta durƙusa.

Injiniya ya ɗauki butar. Ya zubar da ruwan, ya ciro sukudireba daga aljihu, ya kwance ƙasan butar ya nuna wa Umma. Ta gyara tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dafa bango ta koma falo ta zauna.

"To ke yaya aka yi kika san na sayi buta?"

Mai Buta ta dubi Injiniya. Shi kuwa sai a lokacin ya buɗe saƙonta, yana karantawa fuskarsa na sauyawa.

"Ba ni wayar nan," in ji Umma.

Ta karɓi wayar ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Mai Buta ta runtse ido tana jiran a ce ta tashi ta fita. Sai ta ji wata irin dariya, ta buɗe ido ta ga kafaɗun Umma na rawa. Tsohuwar ta ɗaga bakin zanenta ta miƙo ƙafafu, manya, masu faɗi, ga ɗan kumburi a idon sawu.

"Ga amaryar tasa nan. Lamba arba'in da biyu, tun ina budurwa."

"Umma..."

"Ni ƙofar shagon nan ɗaya na sani, ita ce wadda ya turo min, kullum ta nan nake shiga. Tukunya na fara saya don in kama ki da ƙarya, sai na tarar yadda kika faɗa haka take, har da murfin da kika ce yana zafi. Na sayi zanen gado, shi ma haka. To da na gama tunanina, so kike in je wajen Mamarki da silifas ɗin wanka?"

Hawaye ya ɓalle wa Mai Buta, wannan karon ba ta ɓoye shi ba.

"Butar ma Mamarki zan kai wa. A bidiyonki ban gan ta ba, kalarta ce ta ruɗe ni. Na ce bari in gwada tukuna, yadda kike yi." Umma ta sake duban wayar, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Kin ɗauka ya bar ki, kin ɗauka wata za ta sha shayin, amma kika tona wa kanki asiri kika rugo. Wannan maganar dai ba wanda ya biya ki. Tashi daga ƙasa, 'yata. Amma ki cire takalmin nan, kin ɓata min tabarma."

A bakin ƙofa, tana ɗaura mayafi, ya matso ya rage murya.

"Mai Butata, kin kusa kashe ni da shiru. Gobe in kin ga abu, ki tambaye ni, ko da tsawa ne."

"Na tuba, Injiniya. Kunya ce ta hana ni."

"To wane suna kika sa wa link ɗin nawa?"

Ta rufe fuska da mayafi ta ce ba za ta faɗa ba ko zai kwana yana tambaya. Ai kuwa ya riga ya gani a wayarta, tsokana kawai yake yi.

Ba a rufa mako ba, ta dawo daga aike da yamma ta ji muryoyin manya a ɗakin Mama, ana hira ana dariya. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ga su nan a jere kusa da silifas ɗin Mama, jajaye, masu ɗan tudu, ko ƙura ba su gama ɗauka ba. Takalman da suka hana ta barci, yau su suka tako har gidansu neman aurenta. Ta sunkuya ta gyara musu zama, ta juya su suna kallon hanya don Umma ta ji daɗin sakawa.

An ɗaura aure cikin rufin asiri. Doguwar ma ta zo, ita ta riƙe wa amarya jaka, ashe tuni tana da nata mai jiran ta. Da aka kai amarya ɗakinta, Umma ta dafa kanta da hannun nan da aka janye daga buta, ta ce Allah Ya sa bakinku ya zama ɗaya da cikinku, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ɗaki ya amsa da amin, ta Injiniya ta fi ta kowa ƙarfi.